Katako Takwas na Baba

Duk baƙon da ya shigo gidana a Kamazou, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa ya sauka a kan teburin cin abinci. Wasu su shafa shi su yi shiru. Wasu kuma, irin waɗanda bakinsu ba ya riƙe magana, su tambaye ni me ya hana a yi masa fenti, ga shi fari kamar ba a gama aikinsa ba, ga kuma baƙaƙen tabo a gefe guda. Nakan ce musu tabon nawa ne, ni na yi shi, kuma a daidai wurin nake zama kullum. In mutum ba sauri yake yi ba, sai in ba shi labarin.

Babana ya yi rayuwar aikinsa duka a wani kamfani a Kudenda, a ɓangaren injuna. A ɗaki biyu na haya muka tashi mu biyar, ni ce babba, jiniyar kamfani ce agogonmu. Mutumin kirki ne Baba, amma Allah ya yi shi da tara tarkace. Kwalabe, guntayen waya, fankar da ta daina juyawa tun ina goye, duk yana ajiye da su, wai wata rana za su yi amfani. A cikin tarkacen nan akwai katako takwas a ƙarƙashin gadonsu, dogaye har sun leƙo waje, masu nauyin tsiya. Babu yatsar ƙafata da ba ta yi karo da su ba. Na tsane su tun ina yarinya, kuma ban taɓa tambayar abin da za a yi da su ba.

Ba mu taɓa cin abinci tare da Baba ba. Aikin karɓa-karɓa yake yi, in muna ci yana kamfani, in ya dawo mun tafi makaranta. Yana da kwanonsa na musamman, fari mai koren baki da murfi, Mama ta zuba masa tuwo ta rufe, ta ɗora a kan kujera 'yar tsugunno. Mu kuwa a tabarma muke haɗuwa a kan tire ɗaya, ana ci ana faɗa a kan nama. Haka kowane gida yake a layinmu, don haka ban ga abin damuwa a ciki ba.

Da Baba ya rasu, muka zauna da ƙannena aka yanke cewa Mama ta dawo wurina. Tana da hawan jini, gwiwoyinta kuma sun fara gardama. Ni malamar firamare ce, maigidana mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati mai sanyin hali, irin wanda sai ya tauna magana sau uku kafin ya furta. Mun tare a gidanmu tun ba a gama ginin ba, muka ce za mu ƙara wa Mama ɗakinta daga gefe, kafin nan ta zauna da 'ya'yana mata biyu. Ranar kwasar kaya na zubar da kwalabe da wayoyi da fanka, Mama ba ta hana ni ba. Da na zo kan katako na ce wa direba ya bar su, sai ta zauna a kansu ta ce in ba su shiga mota ba ita ma ba ta shiga. Na yi ta masifa, maza huɗu suka yi ta nishi, aka loda su. A Kamazou aka jingine su a baranda, ta rufe su da tsohon zanenta na zumuntar matan coci.

Bari in faɗi abin da ke kaina a lokacin, don kada a ce mugunta ce. A wurinmu katakon kirki ja ne ko baƙi. Maɗaci ne sarki, in ba a samu ba a ɗauko kowane iri a shafe shi da fenti mai duhu har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Je ki ɗakin kowace amarya ki gani. Farin katako kuwa na bencin mai shayi ne da na magina, a yi aiki da shi sau biyu gara ta ƙarasa sauran. Na taɓa kankare gefen ɗaya daga cikin na Baba da wuƙa, na ga cikinsa fari, daga nan na yanke masa hukunci. Ni da nake koya wa yara kada su amsa tambayar da ba su karanta ba.

Damina ta yi nisa, ginin ɗakin Mama ya kai linta, wato simintin da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ita kuma ta tafi ƙauye jana'izar wata ƙawarta, za ta yi mako biyu. Wata Asabar da safe birkila ya same ni ina wanki.

"Madam, falankin da za mu tare siminti da shi ya ƙare, kuma yau ya kamata mu zuba linta. In muka tsaya zuwa kasuwar katako, rain go meet us."

Maigidana ba ya nan. Na dubi sama, hadari na haɗuwa ta wajen Rido. Na dubi baranda. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau dai tarkacen Baba ya yi rana. Na yaye zanen na ce su ɗauki uku.

Ba a jima ba birkila ya dawo yana share gumi. "Madam, this your katako get strong head o. Ƙusa huɗu ta lanƙwashe, zarto kuma sai kuka yake yi. Wane iri ne?"

Na ce masa tsufa ne ya sa ya bushe, ya yi aikinsa ya bar surutu. Da mai hankali ce, a nan zan tsaya. Suka raba ɗaya gida biyu, suka yi ta dukan ƙusa har ta shiga, suka zuba siminti. Katakon ya kwana goma a sama, ruwa yana dukansa safe da yamma. Da aka ɓalle su aka watsar a bayan gida a kan yashi, siminti ya bushe a jikinsu, kowane ramin ƙusa ya yi baƙi ƙirin ya zubo da baƙin layi kamar an ɗiga tawada.

Mama ta dawo da tsarabar acca da citta, jikokinta na murna. Ba ta ko zauna ba ta nufi baranda. Ina kallonta ta ɗaga zanen, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa. Na ce, "Mama, uku ne kawai, kuma ɗakinki aka yi wa aiki da su." Ta zagaya bayan gida, ta tsaya a kansu ta daɗe. Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya amsoshina, don ni ba a bari na da bashin magana. Sai ta juyo ta ce, "Sannu da aiki, Malama."

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka tun da na buɗe ido Uwata take kirana. Malama kuwa sunan da iyayen yara ke kirana da shi ne a ƙofar makaranta.

Washegari ta haɗa kayanta a babbar jakar nan mai zane-zane, ta zuge, ta ajiye a bakin ƙofar falo inda kowa zai tsallake. Ta kira Kawu, ƙaninta mai motar ɗaukar citta, ta ce da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe ya zo ya mai da ita gida. Na san gidan da take nufi, tsohon gidansu na ƙauye. Rufin ɗaki ɗaya ya rufta, babu asibiti kusa, kuma babu wanda zai tuna mata ta sha maganinta. Na yi magiya, na yi kuka, na yi fushi na ce a kan itace za ta bar 'yarta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Inda kayan ubanki ba su sami wurin zama ba, ni ma baƙuwa ce." Daga ranar ta koma cin abinci a ɗaki ita kaɗai, loma biyu ta turo kwano waje.

Maigidana ne ya yi abin da na kasa. Ya zauna kusa da ita wata yamma yana taya ta ɓare gyaɗa, har sai da kwanon ya kusa cika, sannan ya tambaye ta daga ina katakon ya fito. Ta ce wani kafinta ne na kamfanin ya zaɓa wa Baba su ɗaya bayan ɗaya. Iyakar abin da ya samu ke nan, ya kawo mini, ya ce, "In kina so ki gyara, nemo mutumin nan."

Na sha yawo. Tun da rikici ya raba gari, Musulmi da Kirista kowa ya koma ɓangaren da zai yi barci da ido biyu rufe, tsofaffin ma'aikatan Kudenda sun watse. Wata tsohuwa a cocinmu ta tuna da shi, ta aika ni wurin wani mai gadi, shi kuma ya kwatanta mini wata unguwa a ƙetaren gada. Na hau keke mai ƙafa uku sau biyu na sauka, na yi ta tambaya har aka nuna mini wata 'yar rumfa a gindin dalbejiya. Wani tsoho siriri mai farin gemu yana gyaran ƙafar kujera, fensir a bayan kunne. Na yi sallama na durƙusa. Ya dube ni ta saman tabarau, kafin in faɗi ko ni wace ce sai ya ce, "Wannan goshin na san shi. 'Yar mutumin injuna ce." Da na gaya masa Baba ya rasu ya ajiye guduma, ya yi masa addu'a irin tasu. Sannan ya ce, "To, an yi teburin kuwa?"

Na ce, "Wane tebur, Baba Malam?"

A nan na ji abin da ba a taɓa gaya mini ba. Wata shekara an kawo wa kamfani manyan injuna daga ƙasar waje, a cikin akwatunan katako. Yawancinsu katakon banza ne, ma'aikata suka kwashe suka yi wuta da kejin kaji. Amma wanda aka shimfiɗa a ƙasa ya ɗauki nauyin injin daban ne. Farin oak, in ji shi. Na sha jin sunan itacen a karatun ranar Lahadi, ban taɓa zaton yana ƙarƙashin gadonmu ba. Shi Malam ya san shi a hannun wani tsohon maigidansa da ya koya masa aiki, don haka ya roƙi manya suka bar musu, ya ware takwas mafi kyau ya ba abokinsa.

"Kullum tare muke cin abincin rana a bayan shago," in ji shi. "Ya ce mini, Malam, 'ya'yana biyar, ban san yadda kowannensu yake tauna abinci ba. In na yi ritaya na sami gidan da zai ɗauka, za ka yi mini tebur na mutum takwas. Na ce ku bakwai ne. Ya ce a bar wurin baƙo."

Na fashe da kuka a gaban rumfar mutane, babbar mace da ni. Sai da na natsu na gaya masa abin da na aikata. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai cire hularsa ya sosa kai ya ce, "Linta. Da farin oak." Ya maimaita sau biyu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin ya ƙetaro gada da jakar kayan aikinsa. Mama na zaune a baranda, da ta gan shi ta miƙe da sauri har ta manta da gwiwa. "Malam! Kana raye?" Ya ce, "Uwargida, ga ni, sai abin da ba a rasa ba." Suka yi ta gaisuwa suna lissafa waɗanda suka mutu. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin ta tafi jana'iza.

Ya sa aka kwantar da katakon takwas a tsakar gida. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bayan yatsa yana saurare. Ya ɓamɓare simintin, ya ɗauko abin fere katako ya bi ta kan ɗaya sau uku, sai wani ƙamshi mai ɗan tsami ya tashi, launin toka ya tafi, fari mai ruwan zuma ya fito. A jikinsa akwai wasu 'yan zane-zane masu ƙyalli da ke bayyana in ka karkata kai, su ɓace in ka miƙe. Ya ce a duba, kwana goma a ruwa ko ruɓewa bai fara ba, domin ƙofofin jikinsa a toshe suke, ruwa ba ya ratsa shi. Abu ɗaya ne ba ya shiri da shi, wato ƙarfe in ya haɗu da danshi. Shi ne wannan baƙin, kuma ya shiga ciki sosai, in aka ce sai an fere shi duka katakon zai koma faifai.

Nan na ga ƙofa. Na ce, "Baba Malam, ai da sauƙi. In an gama sai a shafe shi da fenti mai duhu, kalar maɗaci, ya yi ƙyalli. Babu wanda zai ga tabon."

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, ke dai so kike a rufa miki asiri. Ni ban ƙetaro gada don in shafa wa wannan katako baƙi ba. Masu shi ma a can mai kawai suke shafa masa su bar shi da fuskarsa. In fenti kike so, sayo katakon malaina mai arha in yi miki, har da fure."

Ya juya wurin Mama ya ce zaɓi biyu ne. Ko a ɓoye masu tabon a ƙasa, tebur ya ƙanƙance ya zama na mutum huɗu ko biyar, ko a sa biyu daga cikinsu a sama ya cika takwas yadda mai shi ya so, amma tabo zai fito fili. Wanda aka raba biyu dai ƙafafu zai zama. Mama ba ta ko dube ni ba ta ce, "Takwas ya ce. A sa su a sama." A raina na ce shi ke nan, tsohuwar nan so take ta kafa mini allon laifina a tsakiyar falo sannan ta tafi ta bar ni da shi.

Ta ce katako ba zai fita daga gidan ba, saboda haka a tsakar gidanmu aka yi aikin, ƙarƙashin rumfar leda. Kusan mako shida Malam yana zuwa da safe ya koma kafin magariba. Ban taɓa ganin aiki mai cin rai irin nasa ba. Ni mai son a yi a gama ce, shi kuwa sai ya wuni a kan haɗa baki biyu na katako, ya ɗaga su ya leƙa ta rana, in ya hango haske ko kamar gashi ne ya sake ferewa. Ƙusa ko ɗaya bai sa ba. Rami yake sassaƙawa a wannan, ya fitar da harshe a wancan, ya shafa gam ya haɗa, ya soke da 'yan turakun da ya fere daga guntayen katakon. Da na dawo makaranta na ga bai manne saman teburin da ƙafafunsa gam-gam ba, wasu 'yan maƙalai na katako ya yi masa ta ƙasa, sai bakina ya motsa na ce ko ya manta ne. Ya ce katako numfashi yake yi, da damina ya kumbura da rani ya tsuke, in ka ɗaure shi tamau zai tsage don kansa. "Ki bar masa wurin motsi, zai zauna." Na ce to, na shige kicin.

Mama kuwa ta samu aikin yi. Ita ke cika masa buta, ta sa aka share ɗakinta da ba a gama ba ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma don salla. Ta karɓe girkin rana, ta ce ni ban san yadda ma'aikata ke son miya ba. Sai ta ja kujera ta zauna kusa da shi, tana tsince shinkafa yana goge katako da samfefa, suna hirar kamfani, da wane ya auri wance, da ranar da Baba ya faɗa kwata da sabon kekensa. Ina jin dariyarta daga ɗaki, daɗi ya kama ni, kishi ma ya kama ni. Amma da Malam ya tafi sai ta ɗauki abincinta ta shige ɗaki. Jaka tana nan a bakin ƙofa, ni kuma har yanzu Malama ce.

Wata rana na raka shi bakin titi na ce ya sa baki, tunda tana jin maganarsa. Ya ce shi kafinta ne, tebur aka kira shi ya yi. Na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi ce masa a sauka lafiya. Yanzu na san ya fi ni gaskiya, da ya yi mata wa'azi da ta haɗa mu ni da shi ta watsar.

Ruwa ya fara ja da baya. Aka yi kwana biyar babu ko yayyafi, sai Kawu ya bugo ya ce hanya ta yi kyau, ranar Litinin zai shigo da kaya, in ya sauke zai biyo ya ɗauke ta. A makon nan Malam ya toshe ramukan ƙusa da 'yan turaku ya goge su suka yi daidai da jiki, amma baƙin da ya kewaye su yana nan da layukansa. Ya shafa mai ya bari ya sha, ya goge, ya sake shafawa, har sau uku. Ranar Asabar ya wanke hannu ya ce ya gama. Maza shida suka shigar da shi falo, muka fitar da tsofaffin kujerun nan masu baƙin fenti don ya samu wuri, falon ya yi haske kamar an ƙara taga. Kujeru ba mu da su tukuna, benci biyu muka aro daga maƙwabta.

Mama ta ce lallai Malam ya dawo gobe Lahadi ya ci abincin rana. Na kira ƙannena, biyu da ke gari suka zo. Bayan an taso daga coci na yi tuwon acca da miyar karkashi, har na zuba gishiri sau biyu saboda ruɗewa. Aka jera abinci, kowa ya tsaya cirko-cirko, don babu wanda ya san inda zai zauna a teburin da ba mu saba da shi ba.

Mama ta fito daga ɗaki a hankali. Ta zagaya shi tana shafawa da tafin hannu, tun daga wannan kai har wancan. Ta nuna wa Malam wuri ta ce, "Ga na baƙo." Ta zaunar da maigidana da ƙannena da jikokinta. Da ta zo gefen tabon ta tsaya, ta bi baƙin layin da yatsa, sannan ta ce mini, "Ke nan." Na zauna kaina a sunkuye, na ce a raina na cancanta.

Sai ta ce wa ƙanina, "Ɗauko mini jakata."

Na ɗago na dubi maigidana, ya kawar da kai. Na ce wato ko Litinin ɗin ma ba za ta jira ba. Aka kawo jakar aka ajiye a gabanta, ta sunkuya da ƙyar ta zuge, ta tura hannu can ƙasa ƙarƙashin zannuwa tana lalube. Ta fito da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Kwanon Baba ne, fari mai koren baki, da murfinsa. Ni da na zaci na zubar da shi tare da kwalabe ranar kwasar kaya.

Ta ɗora shi a kan tebur, ta zauna a kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa. Ta sa yatsa a kan tabon ta ce, "Ubanki shekara da shekaru yana ajiye da katakon nan bai yi komai da shi ba, ni ma na ajiye ban yi komai ba. Da ba ki ɓata shi ba, da yana nan a baranda cikin zane har in mutu." Ta cire murfin ta turo mini kwanon.

Na gode wa Allah da ya ba ni uba mai tara tarkace. Na gode wa tsohon da ya yi ta ƙetaro gada saboda alkawarin da aka yi a bayan shago, ya kuma ƙi rufa mini asiri. A ranar dai ban iya faɗin ko ɗaya ba, ina riƙe da ludayi hawaye na zuba.

Mama ta ce, "Uwata, zuba mini mana, tuwo na hucewa. In mun gama ki kira kawunki ki ce kada ya wahalar da motarsa."

Na zuba mata malmala ɗaya. Ta leƙa kwanon ta ce in ƙara.